Godiya ga mutanen hanyar Gembu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi mun dawo gida, yau kwana tara ke nan. Masu ta kira suna tambayar jikin ƙanena bayan haɗarin keken da ya yi a hanyar Gembu, da sauƙi sosai: ƙashin kafaɗa ne ya karye, an ɗaure, yana cin tuwo da hannun hagu yana mita. Na yi jinkirin rubuta wannan saƙo ne don sai yanzu hankalina ya dawo jikina, kuma yawancin waɗanda nake son gode wa ko sunansu ban tambaya ba.

Mu uku muka yi tafiyar: ni, da ƙanena, da wani abokina malamin sakandare wanda shi ya fara kawo shawarar. Muka ɗora kekuna a mota zuwa Jalingo, daga can muka hau da niyyar sai Gembu, a kan tsaunin Mambila. Godiyar farko ta Hajiyarmu ce. Da na je sallama sai ta dube ni ta ce, "Motoci sun ƙare a duniya ne?" Amma dai ta sa albarka, ta kuma cika mana leda da dambun nama da ƙuli-ƙuli, waɗanda suka yi mana rana fiye da duk abin da muka saya da kuɗi.

Daga Jalingo zuwa Bali ta Sunkani da Garba Chede babu abin ba da labari sai rana da ƙura da ramuka. A Bali ne muka fara ganin amfanin tafiyar. Muka sauka bakin Kogin Taraba da la'asar, wannan kogin da jihar ta ci sunansa lokacin da aka cire ta daga Gongola a 1991. Wasu masunta na gyaran koma a kan yashi. Babbansu ya nuna mana inda za mu yi wanka ba zurfi, ya sa yaro ya gasa mana kifi, da muka miƙa kuɗi ya ce baƙo ba ya sayen abincin dare. Baba, Allah ya ƙara albarka a komarka.

A Serti muka kwana biyu. Nan ne ƙofar Gashaka Gumti, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya, kuma ma'aikatan gandun da muka haɗu da su a masallaci sun ba mu shawarar da muka bi har ƙarshe: kada mu yi tafiyar dare, kuma duk garin da muka shiga mu fara gaida mai gari. Mun gode musu. Sai wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa, wanda ya yi mana faci uku, ya ɗaure kacar abokina da ke ta zamewa. Da ya zo kan keken ƙanena sai ya matsa birki, ya leƙa, ya ce da ni, "Yaro, wannan robar za ta kai ku sama, amma ba za ta sauko da ku ba." Ina da sabuwar roba a jaka. Na ce in mun isa Gembu zan canza. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Bayan Serti sai Mayo Selbe. Sunayen garuruwa da yawa a wannan yanki da Mayo suke farawa, wato kogi da Fulatanci, kuma ba banza ba, don kowane kwari ka gangara sai ka tarar da ruwa na gudu a ƙasansa, da kurmi a gefe. Daga Mayo Selbe hawan yake farawa. Duk wanda ya taɓa bi a mota ya san yadda titin ke naɗe dutse kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun. To a keke wani abu ne daban. Mun sa giya mafi sauƙi muna ta taka feda kamar masu ɗinki, keken na tafiyar hawainiya. Kafin hantsi mun daina fankama, muka sauka muka kama turi. Gaskiya rabin hawan nan da ƙafa muka yi shi, kuma duk wanda ya ce muku ya haye shi bai sauka ba, ku ce ya rantse. Wani direban babbar mota da ya tsaya injinsa ya huce ya ba mu ruwa a jarka, ya yi mana dariya son ransa, sannan ya ce mu riƙa bin gefen dutse saboda masu gangarowa. Shi ma mun gode.

Da muka kai sama sai duniya ta sauya. Gumin da ke jikinmu ya koma sanyi nan take. Tuddai a jere ba iyaka, ciyawa kamar an shimfiɗa, jajayen shanu masu dogayen ƙaho a warwatse, da layukan itatuwan turare a bayan gidaje. Tsaunin ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, don haka ko da tsakar rana iskar da ɗan cizo. Kafin Maisamari wata Bafulatana ta gan mu zaune bakin hanya muna rawar ɗari, ta sauke ƙwaryarta ta dama mana fura da kindirmon da ban taɓa shan irinsa ba. Ba ta jin Hausa sosai, mu kuma Fulatancinmu bai wuce "mi yetti", wato na gode, ba, sai muka yi ta maimaita shi tana dariya.

Wanda ya ɗauka in an hau Mambila an gama hawa ya yi kuskure. Daga Maisamari zuwa Nguroje har Gembu babu miƙaƙƙen fili. Ka gangara kwari, ka haye rafi, ka sake hawa, haka dai har magariba. Mun ratsa Kakara mun ga gonar shayi, ganye kore shar an aske shi daidai wa daida, mata na tsinka suna jefawa a kwando a bayansu. A Gembu wani malami abokin abokina ya sauke mu a gidansa kwana uku, matarsa ta ba mu barguna har biyu-biyu. Shi ya kai mu bakin Kogin Donga, wanda daga kan tsaunin nan yake tasowa kafin ya je ya faɗa Binuwai, muka ga yadda ake ɗora babura a kwale-kwale ana tsallakawa. Shi ne kuma ya tuna mana cewa wannan yanki sai a 1961 ya shigo Najeriya ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, shi ya sa ƙaramar hukumar ke ɗauke da sunan Sardauna. Na so mu hango Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, amma ya ce wannan tafiya ce ta daban, ba ta keke ba. Malam, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a.

Kwana uku a Gembu, ina shan shayi ina yawo, robar birki na nan a jaka. Ban canza ba. Wannan laifina ne, kuma na faɗa wa Hajiya haka.

Ranar saukowa muka yi sammako, hazo ya rufe gangaren har ba ka ganin kwanar da ke gabanka. A doguwar gangara irin wannan, in ka riƙe birki ba sakewa, roba na gugar ƙarfe har ta yi zafi ta daina kamawa, balle wadda ta riga ta cinye, ga kuma raɓa ta jiƙa ta. Ƙanena na gabana. Na ji ya ce "Yaya, birki!", sai na ga yana jan ƙafa a kwalta. Allah ya ba shi dabara ya karkata wajen dutse maimakon wajen rami, ya faɗa cikin lambatu. Hular kwanonsa ta tsage gida biyu. Wannan hular ita muka yi ta yi masa tsiya a kanta tun daga Jalingo.

Babu sabis a wurin. Muna tsaye ba mu san abin yi ba sai ga wata a-kori-kura ta gangaro da lodin ayaba da fiya. Direban ya tsaya a inda tsayawa ke da haɗari, yaronsa ya dire ya sa wa tayoyi duwatsu. Wata mata da ke gidan gaba ta fito ta koma kan kaya don a kwantar da ƙanena, ta cire mayafinta ta naɗe masa hannu a ƙirji yadda ba zai motsa ba, tana ta cewa "Sannu ɗana, kar ka kalli wurin." Direban ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa masa. Haka ya lallaɓa da mu har asibiti, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce shi ma yana da ƙanne. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta tashi daga aiki amma ta tsaya har aka gama ɗauri. Wani ɗan acaɓa kuma ya koma ya ɗauko keken da ya lanƙwashe ya ajiye mana a Mayo Selbe.

A hanyar dawowa na tsaya a Serti na nemi dattijon nan mai faci. Na zaci zai ce ai na faɗa maka. Bai ce ba. Ya tambayi jikin yaron, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ci gaba da shafa sholisho a tiyub ɗin da ke hannunsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina kuma gode wa 'yan'uwa da abokan arziki da suka turo gudummawa, da maƙwabta da suka yi ta sintiri da kwanukan abinci, da shugaban wurin aikina da ya ƙara mini kwanaki. Allah ya bar zumunci.

Roƙo ɗaya gare ni. Rigar sanyin direban nan da mayafin baiwar Allahn nan suna wurina, an wanke an goge. Motar fara ce, tana ɗaukar ayaba daga kan tsauni zuwa Jalingo, madubinta na dama an ɗaure shi da roba. Duk wanda ke bin hanyar ya san mai ita, don Allah ya yi mini magana, in na je ɗauko keken a Mayo Selbe in kai masa da kaina.