Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Dubu Ɗari Biyu da Hamsin

Makon jiya na tsaya a ranar da na kama aiki a Yaba, a wani ƙaramin kamfani mai haɗa manhajar waya. Abin da manhajar ke yi shi ne, idan kuɗi ya shiga asusun ɗan kasuwa, wayarsa ta faɗa masa adadin da murya, cikin harshensa. Ɓangaren Hausa ni aka danƙa wa. Da asuba nake barin Agege, in shiga danfo zuwa Oshodi, in sake wata zuwa Yaba, littafina a kan cinya ina rubuta ƙa'idojin ƙidaya.

Kwamfuta ba ta san "sha" ba, ba ta san "da" ba. Sai ka zaunar da ita ka gaya mata: daga 11 zuwa 19 "goma sha" ne, daga 21 kuma "da" ke haɗawa, ɗari da dubu suna gaba, abin da ke ninka su yana biye, shi ya sa muke cewa ɗari uku, dubu bakwai. Irin wannan jerin ƙa'idoji, wanda na'ura za ta bi ta haifar da kowace magana daidai ba tare da ta haifar da ta banza ba, shi ne nahawun da masana harshe da kwamfuta ke aiki da shi. Tun a 1956 wani masanin harshe na Amurka, Noam Chomsky, ya fara jera irin waɗannan nahawu hawa-hawa, daga wanda na'ura marar tunawa da abin da ta wuce za ta iya bi, zuwa wanda sai mai dogon tunani. Nawa na hawan ƙasa ne, kuma ya isa, tunda adadin da ke shiga asusu yana da iyaka. Cikin mako uku na gama. Na gwada shi a kan lambobi masu yawa, bai yi tuntuɓe ba.

Abokiyar aikina Bayarabiya ita ta sha wuya. Ƙidayar Yarbawa a kan ashirin-ashirin take, kuma cike da ragewa. Hamsin a wurinsu àádọ́ta ce, wato ashirin uku ba goma, 45 kuwa sai a sake cire biyar daga wannan hamsin ɗin. Ranar da ta zana mini shi a allo na ce mata ai mu ma muna da shi: ashirin ba biyu, ɗari ba ɗaya. Tsofaffinmu har "gaira" suke cewa. Daga ranar muka ƙulla.

Wata biyu da sakin manhajar, ran wata Talata da hantsi, ogana ya kira ni ofishinsa, fuskarsa ba walwala. Wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 ya bugo yana faɗa. An turo masa naira 200,050, hamsin ɗin ta cajin banki ce mai sayen ya ɗora. Wayarsa ta ce: "An turo maka naira dubu ɗari biyu da hamsin." Shi kuwa yana tsakiyar sauke kaya, ya ji 250,000, wanda shi ne cikon kuɗin da yake jira, ya sa yara suka loda wa mutumin buhuna ya tafi. Sai da yamma ɗansa ya duba alat ɗin.

Na koma kujerata jikina a sanyaye. Na buɗe nahawun, na bi shi layi-layi, babu ƙa'idar da ta karye. Sai da na zana bishiyar li'irabin maganar, yadda aka koya mana a jami'a, na ga bishiya biyu ce ke fitowa daga kalmomi guda. A ta farko "dubu" ta rungumi "ɗari biyu da hamsin" gaba ɗaya. A ta biyu ta tsaya a kan "ɗari biyu", hamsin ta zauna ita kaɗai a gefe. Na'urata ta nufi ta biyu, kunnen Bahaushe kuwa ta farko yake ji. Ni da na tashi da harshen nan a bakina ban taɓa lura ba, domin ban taɓa jin wani ya yi wannan kuskuren ba. Kamfanin ya biya dillalin asararsa, amma daren nan ban iya cin tuwo ba.

Baba ya lura. Shi fataucin goro ya kawo mahaifinsa Agege daga Kano, shi ma a cikin goron ya tsufa. Yana zaune a kan buzunsa bayan sallar isha, rediyo a gefe, ya ce, "Uwata, me ya faru a wurin aikin?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kama sunan ba.

Na kwashe labari na gaya masa. Na ce, "Baba, ku idan kuɗin dubu ɗari biyu ne da 'yar hamsin a kai, yaya za ku faɗa?"

Bai ko yi tunani ba. "Naira dubu ɗari biyu, da naira hamsin. Sai ki maimaita nairar. In kuwa goro ne, ki ce da guda hamsin. Wanda ke tsoron rigima a ɗaya ɓangaren ma cewa yake dubu ɗari biyu da dubu hamsin."

Na tashi da gudu na ɗauko littafina. Abin da ya faɗa ƙa'ida ce cikakkiya: duk lokacin da abin da ya biyo dubu zai iya shigewa cikinta, a sake ambaton abin da ake ƙirgawa, ya zama katanga. Layi biyu kacal ta ci a cikin nahawun.

Ganin ina rubutu, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce in rubuta metan, 200, da arbaminya, 400, waɗanda muka aro daga Larabci kamar yadda muka aro ashirin har zuwa casa'in. Ya ce kafin aron, kakanni gomiya biyu suke cewa, gomiya uku. Ya ce ƙwaryar goro guda ɗari ce, ko da babu ƙwarya a wurin. Sannan ya zo kan jaka. A zamanin fam, jakar kuɗi fam ɗari ce. Da aka canza kuɗi a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, jaka ta zama naira 200, kuma har gobe dattijo zai ce maka jaka biyar yana nufin dubu. "Amma ki kiyaye," in ji shi, "mutanen Nijar da ke Zango, jikarsu daban ce. Tasu sefa dubu ce."

Na ba shi labarin wani masani ɗan Birtaniya, James Hurford, wanda a 1975 ya nazarci ƙidayar harsuna da dama, har da Yarbanci, ya ce akwai tsarin da suke bi wajen shirya adadi: a fara tattara mafi girman ƙunshi da zai yiwu, sannan saura su biyo. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Lodin mota ke nan. Manyan huhuna a ƙasa, ƙanana a sama."

Wannan lodin, a hannun masu bincike, ya kai inda ban zata ba. A 1991 Daniel Radzinski ya buga wani nazari a kan ƙidayar Sinanci. Suna da kalma, zhao, mai nufin miliyan sau miliyan, kuma don faɗin abin da ya fi haka sai a yi ta maimaita ta, kamar yadda mu kan ce dubu dubu. Sharaɗin shi ne kowane rukuni na maimaicin ya fi na bayansa tsawo. Ya nuna cewa kiyaye wannan sharaɗi ba iyaka ya fi ƙarfin wasu nahawun da ake ganin sun isa ɗaukar harshen ɗan Adam. Wasu masana suka ce wannan lissafi ne, ba harshe ba. Ni dai ina ganin duk abin da kuskurensa zai sa dillali ya yi asarar buhunan albasa, harshe ne, kuma ya cancanci a zauna masa. Mu ma "dubu dubu" ɗin tamu baki biyu gare ta: ko miliyan, ko kowa ya samu dubu.

Ranar Asabar na roƙi ogana ya bar ni in kai gyaran Mile 12 da kaina. Kawuna, wanda ke da rumfar tattasai a can, ya raka ni har gaban dillalin. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na miƙa masa wayar. Muryar ta ce, "Naira dubu ɗari biyu, da naira hamsin." Ya sa aka sake kunnawa har sau uku, ana ta hayaniyar masu dako a bayanmu. Sannan ya ce, "'Yata, yanzu ta yi Hausa. To ni in na yi mata magana, za ta ji? In na ce a tura wa wane jaka goma?"

Na ce masa ba ta ji tukuna. Ya ce to in dawo ranar Litinin da abin ɗaukar murya, zai tara mini mutanen layinsu, 'yan Sakkwato da 'yan Kano da na Maraɗi, kowa ya ƙirga mini yadda ya saba. Yadda ta kaya a wannan Litinin ɗin, da abin da Inna ta ce da ta ji zan riƙa yini a kasuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.