Talata a asibitin mishan, lokacin cirar gyaɗa

Yau aiki ya fara tun kafin ƙarfe bakwai, domin da na fito daga masaukin ma'aikata na tarar da mata sun cika barandar asibitin da yara a goye. Asibitin ƙarami ne, a wani ƙauye a kudancin Jihar Gombe, kuma yana cikin irin wuraren shan magani da suka biyo bayan zuwan 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) ƙasar Tangale a shekarar 1917. Masu zuwa a yau Tangale ne da Waja da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista, kuma da Hausa muke fahimtar juna. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Gombe, nakan zo aikin sa kai idan na sami hutu.

Safiyar ta tafi a kan zazzaɓin cizon sauro. Muna tsira wa yaro allura a yatsa, mu ɗiga jini a kan abin gwaji, mu jira sakamako, sannan a ba da magani. Wata yarinya da ta zo tana jijjiga an kwantar da ita aka fara mata allurar artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma kafin azahar ta buɗe ido ta nemi nono.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani manomi da aka kawo a kan babur wajen ƙarfe ɗaya, ɗansa yana riƙe da shi ta baya. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu tun jiya da yamma yana cirar gyaɗa. An ɗaure ƙafar tamau da robar tayar keke a ƙasan gwiwa, an yi tsaga a wurin saran, an shafa wani baƙin gari, kuma ƙafar ta kumbura har tana ƙyalli. Da na ce ya buɗe baki sai na ga jini yana tsattsafowa daga dasashinsa, tsagar da aka yi masa ita ma ba ta daina zuba ba. Likita ya ɗebi jininsa kaɗan ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, muka ajiye ta minti 20 ba tare da an taɓa ba. Da aka karkata kwalbar sai jinin ya kwaranyo kamar ruwan zoɓo, bai daskare ko kaɗan ba. Wannan ita ce shaidar cewa dafin ya shiga jiki, domin aikin dafin kububuwa shi ne hana jini yin gudaji, har mutum ya yi ta zubar da jini ta ciki da waje.

Na tambaye shi, "Baba, me ya hana a kawo ka tun jiya?" Ya ce, "'Yata, mun lissafa kuɗin babur da na kati da na magani, sai muka ga gara a fara gwada na gida." Ban ga laifinsa ba. Wanda bai sayar da amfanin gonarsa ba tukuna, ba shi da abin da zai taɓa, kuma macijin yana sara ne daidai lokacin noma da girbi, a ƙafar mutanen da ba su da takalmin roba mai tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a shekarar 2017, amma a ganina har yanzu sakacin yana nan a tsakanin gona da ƙofar asibiti.

Ba ma ajiye maganin dafin maciji a nan, saboda tsadarsa da kuma rashin tsayayyiyar wutar da za ta riƙe firji, don haka likita ya rubuta takardar tura shi asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo. Kuɗin mota aka ciro daga asusun marasa hali, wanda matan zumunta na coci da wasu 'yan kasuwa Musulmi suke zuba wa abin da ya sauƙaƙa. Muka ɗaure ƙafar a jikin katako don kada ta riƙa motsi, muka gargaɗi ɗan kada a ƙara ba shi wani jiƙo a hanya, aka kama hanya.

Bayan la'asar na taimaka wajen awon masu juna biyu da wankin gyambon wata tsohuwa. Da magariba ɗan manomin ya kira ya ce an yi wa mahaifinsa allurar maganin, jinin bakin ya tsaya, kuma za a sake gwada jininsa bayan awa shida. Na yi hamdala ƙwarai. Na kuma roƙi shugaban asibitin ya nema mana izinin mai gari, domin ranar kasuwa mu yi wa manoma bayani cewa idan maciji ya sari mutum ba a tsaga, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da roba, ana kwantar da ƙafar ne a nufi Kaltungo nan take. Ya amince, ya ce zai aika tun gobe da safe.