Asabar a gareji: kulocin Golf 3 da ke zamewa

Aikin da ya cinye mini yinin yau gaba ɗaya shi ne kulocin wata Golf 3 doguwa, irin wadda ake kira wagon, ta wani dattijon direba da ke jigilar fasinja tsakanin Jos da Akwanga. Ya iso garejinmu a Farin Gada tun sanyin safiya bai saki mutane ba, kuma ƙorafinsa guda ɗaya ne. Jiya da yamma a Hawan Kibo, da fasinja cike da mota da kaya a but, ya taka totur inji ya yi ta kuka amma motar ta ƙi ƙara gudu, har sai da ya dawo lamba biyu ya lallaɓa ta zuwa saman tudun, warin ƙuna yana shigowa ta taga. Ya ce mini, "Malam, ka sa mini sabon faifai kawai, gobe ina da lodi." Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri mu fara gano abin da ya kashe na ciki tukuna." Dalilina kuwa shi ne, a cikin bayaninsa ya ambata cewa an canza masa faifan a wani wuri, bai ma cika shekara ba, kuma faifai mai kyau ba ya ƙarewa cikin wannan ɗan lokaci sai da wani sababi.

Kuloci ba abu ne mai wuyar fahimta ba. Faifai ne mai fata a fuskokinsa biyu, wanda ke haɗe da sandar giyabos, an matse shi tsakanin filawil, wato ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi, da farantin matsi, waɗanda su kuma suke juyawa tare da inji. Muddin sifirin ɗin farantin yana matse shi da ƙarfi, kuma fuskokin a bushe suke, to ƙarfin inji zai wuce zuwa tayoyi ba tare da ya zube a hanya ba. Idan fatar ta cinye, ko sifirin ya yi sanyi, ko mai ya taɓa faifan, sai inji ya riƙa juyawa faifan yana bin sa a baya. Ana fara jin haka ne a manyan giyoyi, lamba huɗu da lamba biyar, musamman a kan tudu ko da nauyi, domin a nan ne kuloci ya fi shan wahala.

Na fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai. Wannan ƙirar ta Golf 3, wadda aka fara fitarwa a Jamus a 1991, mai inji 1.8 ce, kuma kulocinta da kebur yake aiki, kebur mai daidaita kansa da kansa. Idan na'urar daidaitawar ta cije, sai kebur ɗin ya riƙa jan hannun kuloci kaɗan ko da direba ya ɗage ƙafarsa, mota ta yi ta zamewa alhali faifanta lafiya lau. Na sha ganin an sauke giyabos saboda wannan, abin da canza kebur kaɗai zai magance. Na danna hannun da ke jikin giyabos zuwa ƙasa, ya tafi kimanin milimita 10 ba tare da turjiya ba, wato kebur ba shi da laifi. Daga nan na ja birkin hannu sosai, na sa lamba huɗu, na ɗan ba da wuta, na saki kuloci a hankali. Mota mai lafiyayyen kuloci nan take za ta mutu. Wannan kuwa na ɗage ƙafata gaba ɗaya inji yana ci gaba da aiki, sai na yi maza na taka na mayar da ita firi, domin gwajin da kansa yana ƙona faifai idan aka daɗe ana yi.

Da na leƙa ƙarƙashi, sai na ga danshin mai a gindin ƙoƙon da ya haɗa inji da giyabos. Na lakato da yatsa na shinshina. Baƙin man inji yana da warinsa na ƙuna, man giya kuma warinsa mai kaifi ne irin na farar wuta, wanda duk wanda ya yi aikin gareji ba ya ɓata shi da wani. Wannan na giya ne. Na kira Baba na miƙa masa yatsan ya shinshina da kansa, saboda na fi son mai mota ya ga hujja da idonsa kafin a ambaci kuɗi.

Sauke giyabos bai ba mu wahala sosai ba. Mun cire kan batir, da kebur, da sandunan canza giya, da sitata, mun kwance shaf biyu na tayoyin gaba, mun tokare inji da jak da guntun katako a ƙarƙashinsa, sannan ni da yarana biyu muka karkato shi muka sauke.

A nan ne Golf irin wannan ta sha bamban da yawancin motocin da ke shigowa wurinmu, kuma na tsaya na nuna wa yaran dalla-dalla. A Toyota ko Peugeot, filawil ne ake ɗaure wa a jikin karanshaf, wato babbar sandar da inji ke juyawa, sannan faifai, sannan farantin matsi daga waje. A giyabos ɗin da Volkswagen ke kira 020 kuwa tsarin a juye yake: farantin matsi ne ke ɗaure a karanshaf da noti 6, faifai ya biyo, filawil ya rufe su daga waje da ƙananan noti 9. Boris ɗin da ke sakin kuloci ma ba ya kusa da faifan, yana can ƙarshen giyabos ta ɓangaren taya, a bayan wani koren murfi, kuma wata siririyar sanda ce ke ratsa tsakiyar babbar sandar giyabos ta zo ta tura farantin. A bakin da wannan siririyar sanda ke fitowa akwai wani ɗan ƙaramin sil, wato zoben roba mai hana mai yoyo, faɗinsa bai fi na maɓallin riga ba, kuma shi kaɗai ne ke tsare man giya daga biyo sandar ya zubo a tsakiyar faifai.

Da muka cire filawil, faifan ya fito yana ƙyalli, baƙi ƙirin, yana danƙo a hannu. Fatarsa ba ta kai ga kusoshin da suka riƙe ta ba, da sauran kauri sosai, amma mai ya bi ta daga tsakiya ya fantsama zuwa baki, ana ganin sawunsa layi-layi. Ƙaramin sil ɗin ya bushe ya tsage, ga alama tun na kamfani ne ba a taɓa taɓa shi ba. Wanda ya yi aikin baya ya sa sabon faifai ya bar ƙofar da mai ke shigowa a buɗe, kuma wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin sil ɗin shi ne mafi arha a cikin duk kayan aikin, amma rashinsa ya sa bawan Allah zai biya kuɗin faifai da na sauke giyabos karo na biyu, bayan haɗarin da ya shiga da rayukan mutane a kan tudu.

Baba ya tambaya ko za a iya wanke faifan da fetur a mayar, tunda bai cinye ba. Na ce masa sam. Fatar tana tsotse mai har cikinta, fetur kuma samansa kawai yake wankewa, da zarar faifan ya ɗauki zafi sai man ya sake tsattsafowa. Ya yi shiru na ɗan lokaci yana lissafi, sannan ya ce, "To, Malam, yi abin da ya dace."

Bayan sallar azahar muka tafi Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota, tare. Akwai na Beljiyam masu sauƙin kuɗi, amma a faifan kuloci ban cika son tsoho ba, saboda ba ka san irin wutar da ya sha a hannun mai shi na farko ba. Sunayen da aka sani a wannan fanni su ne LuK da Sachs na Jamus da Valeo na Faransa, sai dai kwali ba shaida ba ne, don haka na buɗe na duba sifirin ɗin tsakiyar faifan ko suna girgiɗi, na gwada faɗinsa da tsohon, milimita 210, na kuma zura shi a haƙoran sanda na tabbatar ya shiga daidai. Mun haɗa da sabon farantin matsi, da boris, da ƙaramin sil ɗin da bushin da ke bayansa, da sil na babbar sandar giyabos, da na bayan karanshaf, domin tunda an riga an buɗe wurin babu hikima a bar tsohon sil ko ɗaya.

Filawil yana da tabon zafi kaɗan masu launin shuɗi, amma babu tsaga, sai muka goge shi da samfefa muka wanke shi tas. Ƙurar kuloci ba na yarda a hura ta da iska, da jiƙaƙƙen tsumma muke sharewa, saboda akwai faifan da ake haɗawa da asbestos, wanda ke illata huhu. Sabon farantin ma na goge man da kamfani ke shafa masa don hana tsatsa. Na sa sababbin noti shida na karanshaf, na shafa giris ɗan kaɗan a haƙoran sanda na share rarar, na duba rubutun da ke nuna fuskar faifan da za ta kalli filawil, na tsayar da shi a tsakiya da zoben saiti, sannan na ɗaure notin filawil sannu-sannu, wannan sannan na daura da shi, don kada faranti ya karkace. Da faifan ya zauna a tsakiya, giyabos ya shige ba tare da an tilasta shi ba. Mun zuba sabon man giya kusan lita 2, na taka kuloci sau da yawa har kebur ya daidaita kansa.

Gab da magariba muka fita gwaji ta hanyar Zariya. A lamba biyar, daga ƙaramin gudu, na taka totur har ƙasa, kukan inji da gudun mota suka tashi tare. Na roƙi Baba ya sassauta lodi da fizgar mota har ya yi kilomita ɗari biyar ko fiye, kuma ya daina riƙe mota da rabin kuloci a kan tudu ko a cunkoson Terminus, ya yi amfani da birkin hannu. Robar da ke riƙe inji ta gaba ta fara tsagewa, mun yi da shi zai dawo ranar Talata a canza ta, kuma a ranar zan sake leƙa gindin ƙoƙon in tabbatar a bushe yake.