Abin da aikin ƙiyasta dukiya ya koya mini game da masu tara bindigogi

Aikina a sashen ƙiyasta darajar kaya na wani kamfanin inshora a Amurka shi ne in duba abin da mutum ya mallaka, in rubuta nawa ya kai, domin idan gobara ko sata ta afka masa a san abin da za a biya shi. Agogo da zinariya da zane-zane sun bi ta hannuna, amma babu kayan da suka fahimtar da ni yadda farashi yake samuwa kamar bindigogin da masu sha'awa ke tarawa. A wannan kasuwa, kyan harbin bindiga ba shi ne yake yanke kuɗinta ba. Ƙarancinta ne yake yankewa, sai kuma takardar da ke tabbatar da wannan ƙaranci.

Na fi ganin haka a bindigogi masu sarrafa kansu, waɗanda ke ci gaba da aman wuta muddin yatsa na kan kunama. A shekarar 1934, bayan ta'asar da gungun masu fasa-ƙwaurin barasa suka yi da bindigar Thompson, majalisar dokokin Amurka ta wajabta yi wa irin waɗannan makamai rajista, ta kuma ɗora harajin dala 200 a duk lokacin da ɗaya ta sauya hannu. A wancan zamani dala 200 ta yi daidai da kuɗin bindigar kanta, don haka harajin ya isa ya kori yawancin masu saye. Ba a ƙara wannan adadi ba, kuma hauhawar farashi ta mayar da shi abin da ba ya hana kowa. Abin da ya sauya kasuwar shi ne gyaran da ɗan majalisa William Hughes na jihar New Jersey ya shigar cikin wata dokar bindigogi ta 1986, wadda Shugaba Reagan ya sa wa hannu. Daga ranar 19 ga Mayu na wannan shekara aka rufe rajista ga farar hula, ta yadda bindigar da ba a yi wa rajista kafin ranar ba, ba za ta taɓa shiga hannun ɗan ƙasa na gama-gari ta halastacciyar hanya ba.

Tun daga nan adadin bai ƙaru ba, sai dai ya ragu idan wata ta lalace ko ta ƙone, alhali masu nema suna ta ƙaruwa. Shi ya sa tsohuwar M16, bindigar sojan Amurka, mai rajista take kai dubun-dubatar daloli, sabuwarta kuwa, wadda ta fi ta lafiya, ana sayar wa rundunar 'yan sanda a kan ɗan ƙaramin kaso na wannan kuɗi. Na taɓa ƙiyasta wani guntun ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba a kan kuɗin da zai sayi sabuwar mota, saboda shi ne ɓangaren da ke ɗauke da lambar rajista. Wannan ya koya mini in fara da takarda kafin in taɓa ƙarfe. Ina duba amincewar ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, wadda sai an ba ta hoto da zanen yatsun mai saye kafin ta yarda a miƙa masa, sannan in gwada lambar da ke jikin makamin da ta takardar. Idan babu rajista, babu abin da zan ƙiyasta, domin riƙe irin wannan bindiga laifi ne da hukuncinsa ke iya kai ɗaurin shekara goma. A ra'ayina, wannan dukiya ce mai rauni duk da tsadarta, kuma ina faɗa wa masu ita haka ƙarara, tunda majalisar da ta rufe rajista tana iya buɗe ta ko ta hana ciniki gaba ɗaya, kuma ko wanne ta yi, darajar za ta zube.

Tarihi ma yana haifar da nasa ƙarancin. An ƙera bindigar hannu ta Colt samfurin Walker guda 1,100 kacal a 1847, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 1.84. A 2021 kuma bindigar da jami'in tsaro Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita ta haura dala miliyan 6. Babu mai sayen waɗannan don ya harba. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan fanni shi ne magadan da suke ganin tsohuwar bindigar kakansu ta dusashe, sai su kai ta a goge ta a sake mata launi da kyakkyawar niyya, ba su san cewa sun kankare babban ɓangare na darajarta ba. Masu tarawa suna son launin asali ko da ya koɗe, suna son lambobin sassan su zama ɗaya, kuma suna biyan kuɗi don samun wasiƙa daga ma'ajiyar bayanan kamfanin Colt, ko daga gidan tarihin da ke garin Cody a jihar Wyoming inda aka adana kundayen kamfanin bindigogi na Winchester, wadda za ta nuna ranar da bindigar ta bar masana'anta.

Kaɗan daga cikin abokan hulɗarmu suna da bindigogin farauta ƙirar Landan, na kamfanin Purdey da aka kafa a 1814 ko na Holland & Holland da ya samo asali a 1835. Ana auna jikin mai saye kafin a sassaƙa gindin bindigar, a yi mata zane da hannu, aikin yakan ɗauki fiye da shekara, kuɗin kuma ya haura fam 100,000. Mai zuwa farautar wani tsuntsu dangin makwarwa a tsaunukan Sikotilan da arewacin Ingila, wadda ake buɗewa ranar 12 ga Agusta, yakan sayi biyu iri ɗaya, yana harbi da ɗaya wani yana ɗura masa ɗayar.

Darasin da ya fi yi mini amfani a aiki shi ne cewa kuɗin saye ba shi ne ƙarshen ɗawainiya ba, kamar dai doki, wanda ciyar da shi ya fi sayensa nauyi. Bindiga mai sarrafa kanta tana ƙarar da harsashi 30 cikin ƙasa da daƙiƙa uku, saboda haka mai zuwa taron harbi irin wanda aka daɗe ana yi a Knob Creek ta jihar Kentucky, kafin a daina shi a 2021, yana iya ƙona kuɗi mai yawa cikin yini guda. Masu gasar harbin nesa suna sayen madubin hange da wani lokaci ya fi bindigar tsada, kuma bututunta yana cinyewa bayan 'yan dubban harbi, sai an sauya. Da yawansu suna ɗura harsashi da kansu a gida, suna tara kwanso su sake cika shi da albarushi, da niyyar rage kashe kuɗi, amma abin da na lura shi ne sauƙin da suka samu yana ƙarewa ne a ƙarin harbi da ƙarin na'urori. Ga akwatin ƙarfe mai jure wuta, ga na'urar hana laima, ga kuɗin inshorar da ya kawo su wurinmu.

Ba na ɓoye cewa wannan aiki yana yi mini nauyi a zuciya. Ina da 'yan uwa a arewa maso yammacin Najeriya, inda ƙarar bindiga ba ta nufin nishaɗi ga kowa, kuma Amurka kanta tana binne dubban mutane kowace shekara sanadiyyar harbi. Mutanen da na yi hulɗa da su yawancinsu masu kiyaye doka ne, masu kulle makamansu da kyau, kuma haƙƙinsu a kaina shi ne in yi musu ƙiyasi na gaskiya.

Inda na fi matsa musu lamba shi ne batun gado. Sau da yawa mai tarawa yakan rasu ba tare da iyalinsa sun san abin da ke cikin akwatin ba, ko don ya ɓoye musu nawa ya kashe, sai matarsa ta sayar da kayan a arha ga wanda ya fara tayi, ko ta riƙe makamin da doka ta buƙaci a sauya masa suna. Doka ta yarda a miƙa wa magaji bindiga mai rajista ba tare da biyan harajin dala 200 ba, amma sai an cika takarda hukuma ta amince. Saboda haka ba na rufe fayil ɗin kowa sai ya rubuta jerin kayansa da lambobinsu da kuɗin da ya saye su, ya haɗa da kwafin takardun rajista, ya kuma gaya mini wanda a cikin iyalinsa ya san inda aka ajiye su.