Baiti na biyar na "I Walk the Line" ne ya kayar da mu

Duk wanda ya ce maka waƙoƙin country sauƙi gare su, wai kod uku ne (haɗin sautukan da ake kaɗawa a tare) an gama, to bai taɓa tsayawa gaban jama'a da "I Walk the Line" ta Johnny Cash ba. Mu mun tsaya, a walimar sallamar wani maigidanmu da ya yi ritaya, irin dattawan nan da suka tashi da Jim Reeves da Don Williams a rediyo. Shi ya zaɓi waƙar da kansa. Ina riƙe da jita ina rerawa, ga mai bes, ga mai piyano.

Batun gudun kiɗan bai ba mu wahala ba. Bugu ɗari da 'yan kai ne a minti, tafiya ɗaya babu hanzari babu jan ƙafa, kamar jirgin ƙasa ya miƙe hanya. Asali ma a hankali Cash ya tsara ta, Sam Phillips na kamfanin Sun Records da ke Memphis ne ya sa aka ƙara mata sauri lokacin ɗauka a 1956. Babu ganga a faifan. Wannan "caka-caka" da ake ji takarda ce Cash ya cusa tsakanin tsirkiyoyin jitarsa. Na gwada da takardar rasit, ta yi daidai, har na fara jin kaina.

Ki ɗin ne matsalar, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, sama ko ƙasa. Waƙar ba ta zama wuri ɗaya: baitin farko a F, na biyu a B-flat, na uku a E-flat, na huɗu ya koma B-flat, na biyar ya dawo F. To amma wannan F ɗin na ƙarshe ba inda aka fara ba ne, oktab guda ne cur a ƙasa, wato sauti iri ɗaya amma da murya mai kauri sosai. Shi ya sa Cash yake yin ɗan "hmmm" da baki a rufe kafin kowane baiti. Mutane na ɗauka ado ne, alhali shi da bakinsa ya faɗa cewa muryar sabon ki yake lalubowa.

Mai piyanonmu, Allah ya shirye shi, ya ji ina ɗan taƙarƙarewa a baitin farko sai ya ce, "Malam, bari in sauke maka, kada ka wahalar da maƙogwaro." Ya danna maɓallin sauya ki na piyanon, ya rage mataki biyu. Baitin farko ya yi daɗi kuwa. Kuma duk gwajin da muka yi a baiti na uku muke tsayawa, don a cewarsa sauran duk maimaici ne. Maimaici!

Ranar walima komai na tafiya lafiya lau, maigida na kaɗa ƙafa, har muka iso na biyar. Na yi "hmmm" ɗin, na buɗe baki, iska kawai ta fito. Leɓe na motsi, makirfo na manne da bakina, babu abin da ake ji sai bes da takardar rasit. Wata baiwar Allah a layin gaba ta juya tana hararar mai kula da na'ura, ta zaci shi ya kashe ni. Da na yi yunƙurin haurawa sama a tsakiyar layi sai abin ya ƙara lalacewa, domin armashin waƙar a wannan saukar yake. Mutum ne ke yi wa matarsa alkawarin riƙon amana, Cash kuwa matarsa ta lokacin, Vivian, ya rubuta wa, kuma a ƙarshe muryar kan yi ƙasa ta yi nauyi har ka yarda da gaske yake. Mu kuwa daidai wurin muka ɓace.

Har yau abin na ci mini rai, don mataki biyun nan ne kaɗai. Yanzu in zan zaɓi ki, daga baiti na biyar nake farawa: in nemo mafi ƙasan da muryata ke fita da ƙarfi, ba wanda take fita da safe ina tashi daga barci ba, don wannan yaudara ce, da yamma ba za ka same shi ba. In na biyar ya zauna, sai in haƙura da duk yadda na farko ya zo, ko da da ɗan taƙarƙari ne. A jita kuwa kafo, abin da ake maƙala wa wuyan jita don ɗaga sauti, a gida na ɗaya da kod ɗin E, A da D ya fi sauƙin bi, in muryarka ta gaza sai ka matsa shi gaba, ba baya ba. Maɓallin nan na piyano kuma na riga na gaya masa, kada ya sake taɓa shi sai mun rera waƙa tun daga farko har ƙarshenta.