Janaretan motar ɗaki da ke mutuwa da tsakar rana

Janaretan da ya ƙi tashi kwata-kwata ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda zai tashi lafiya lau, ya yi ta aiki har ka saki jiki, sannan ya ɗauke ba sallama. Irin na biyun ne na yi fama da shi a motar ɗakin da muka saya hannu na biyu a nan Amurka, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki. Janaretan na fetur ne, mai ƙarfin wat 4,000, an ɗaure shi a cikin akwati a ƙasan motar, kuma tanki ɗaya suke sha da injin motar. Daga Houston zuwa El Paso tafiyar kusan kilomita 1,200 ce a kan babbar hanyar I-10, duk a cikin jihar Texas. Wanda ya taɓa bin ta da bazara ya san cewa na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi ba ado ba ce. Idan janareta ya tsaya, kafin a jima yara sun jiƙe sharkaf da gumi a baya.

Abin da ya fara taimaka mini ba sifana ba ce, biro ne da takarda. Duk sanda ya mutu sai in rubuta ƙarfe nawa ne, tsawon lokacin da ya yi yana aiki, yawan man da ke tanki, abin da muka kunna, da kuma yadda ya mutun. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci. Akwai injin da ke yanke numfashi farat ɗaya kamar an murɗa makulli, wanda galibi matsalar wuta ce, ko kuma kwamfutarsa ce ta kashe shi da gangan don ta kare shi. Akwai kuma wanda ke shessheƙa, ƙara ta hau ta sauka, ya yi tari sannan ya kwanta. Wannan yunwar mai ce. Nawa yana shessheƙa, da asuba da dare ba ya yi, sai rana ta take, kuma idan ya mutu ba ya sake tashi sai ya huce.

Irin waɗannan janaretoci suna faɗin abin da ke damunsu ta fitilar da ke jikin maɓallin kunnawa. Tana ƙiftawa, ta dakata, ta sake ƙiftawa, kai kuma ka ƙirga. Nawa ya ba ni uku, sannan shida, wato lamba 36. A littafin da ya zo da shi, ma'anarta ita ce injin ya tsaya ba tare da an umarce shi ba. Na yi dariya, don wannan kam ko yaro ya sani. Amma lambar ba ta tashi a banza ba, ta nuna cewa ba kwamfutar ce ta kashe shi ba, ba kuma yawan wuta ko ƙarancinta ba ne, domin kowanne da tasa lambar.

Na bi ƙananan abubuwa da sauri. Baƙin mai yana daidai, kuma a fili mai daidaito na auna shi, don mota a karkace tana sa sandar awo ƙarya. Janaretoci da yawa suna kashe kansu idan baƙin mai ya yi ƙasa, wasu kuma cika shi fiye da ƙima ne ke dame su. Filtar iska na canza, fulogi ma haka. Sai maganar tanki, wadda sabon shiga ba ya sani: bututun da ke zuƙo wa janareta mai ba ya kaiwa gindin tanki. Da gangan aka gajarta shi, yadda idan mai ya sauka zuwa wajen kwata sai janareta ya rasa abin sha, don kada ya shanye tankin ya bar ka a daji ba ka da man komawa gari. Mutane da yawa sun kai mota gareji a kan wannan kaɗai. Ni tankina ya haura rabi, saboda haka ba nan take ba.

Daga nan na kira yayana a Kano. Gyaran janareta ne sana'arsa tun muna yara, daga ƙananan da ake ɗauka da hannu ɗaya har manyan na dizal.

"Yaya, janaretan nan zai haukata ni," na ce, na zayyana masa komai.

Ya ce, "Tsaya tukuna. Idan ya fara shessheƙar, ka rufe masa cok da hannu. In ya farfaɗo na ɗan lokaci, mai ne ba ya isarsa. Sannan ka raba shi da tankin motar, ka ba shi mai daga jarka. Kada ka sayi komai sai ka yi wannan."

Na ce masa mutanen nan duk kafireta suke cewa in canza. Ya ce haka masu gyara suke ko'ina, abin da ido ke gani shi ake fara tuhuma. Ya kuma tuna mini kada in saurari ƙarar injin da kunnen gida. Namu na Najeriya wutar bolt 230 suke bayarwa a kan hez 50 (hez shi ne ma'aunin saurin kaɗawar wutar), injin ƙananan na juyi 3,000 a minti. Na Amurka bolt 120 ne a kan hez 60, irin nawa kuwa juyi 3,600 yake yi. Wanda ya saba da na gida zai ji kamar yana gudu fiye da ƙima, ya je ya taɓa sukurun gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, ya ɓata lissafi. Da ƙaramar mita da ake soka wa a soket ake dubawa, ba da kunne ba.

Gwajin jarka shi ya raba gardama. Na bari injin ya huce, na cire wayar batir, na zare tiyon da ke shigowa famfon mai daga tanki na toshe bakinsa. Na sa wani gajeren tiyo daga famfon zuwa jarka, na ajiye ta nesa da salansa, da abin kashe gobara kusa da hannuna, sannan na mayar da wayar batir. Fetur a kusa da ƙarfe mai zafi ba abin wasa ba ne. Da rana tsaka, da na'urar sanyi a kunne, janareta ya yi aiki ya wuce lokacin da ya saba mutuwa, ya daɗe sosai, sannan daga baya ya fara ɗan tangaɗi. Wannan ya gaya mini abu biyu: babbar matsalar tana tsakanin tanki da famfo, amma famfon ma ba shi da cikakkiyar lafiya.

Don in gani da idona, na mayar da tiyon motar, na saka guntun tiyo mai haske a tsakani. Mai na wucewa, sai ga ƙananan kumfa suna bin juna a jere, ɗaya bayan ɗaya. Da injin ya yi zafi suka ƙara girma, har wani lokaci tiyon ya zama iska zalla na tsawon ɗan yatsa kafin mai ya biyo baya. Na shiga ƙarƙashin motar da tocila ina bin layin. Yawancinsa bututun ƙarfe ne, amma a sama kusa da tanki akwai gaɓar roba. Ina lanƙwasa ta da yatsa sai ta buɗe baki, duk ta tsattsage kamar dunduniya da hunturu. Babu ɗigon fetur ko ɗaya a ƙasa, shi ya sa ba wanda zai zarge ta. A wannan ɓangaren famfo zuƙa yake yi, ba turawa ba, don haka tsagar ba ta zubar da mai, iska take shigarwa.

Zafi kuma shi ke ƙarasa aikin. Fetur ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya fara zama tururi, ballantana a cikin layin da ake zuƙa, a tsakanin kwalta mai ƙuna da salansar mota. Famfon ɗan ƙarami ne na lantarki, ruwa yake iya ja, ba tururi ba. Da na taɓa shi bayan injin ya mutu, ba ya taɓuwa. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma na ɗan lokaci, janareta ya tashi nan take.

Canza gaɓar robar ya fi komai cin rai, domin sai da aka sassauta ɗaurin tankin aka ɗan sauke shi kafin hannu ya isa wurin. Wannan ɓangaren na kai wa masu abin ɗaga mota, ban ga dalilin kwanciya ƙarƙashin tankin fetur da jak ɗaya ba. Famfo da filtar mai kuwa ni na canza da kaina. A nan akwai tarko: famfon kafireta mai ƙaramin ƙarfi ne. Wanda ya sa na motocin zamani mai ƙarfin turi zai cika kafireta da mai har ya tumbatsa, ya koma neman wata cutar.

Kafiretan ban canza shi ba, wankewa kawai na yi. A gindin kofinsa na tarar da wani abu launin ƙasa-ƙasa mai danƙo. Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen man Amurka yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke jan danshi, kuma idan mai ya kwana watanni a kafireta sai ya bushe ya bar wannan danƙon a ƙananan ramukan da mai ke bi. Mai motar na farko ya yi mini alfahari da cewa janaretan sabo ne fil, awoyinsa kaɗan. A janareta wannan ba abin yabo ba ne. Zaman banza ya fi aiki lalata shi: mai ya daskare, roba ta bushe, zoben tagullan da burushi ke gogawa a ɓangaren da ke samar da wuta ya yi tsatsa. Idan zoben ya yi datti, za ka ga injin na aiki muddin yatsanka na kan maɓalli, kana ɗagawa ya mutu, saboda kwamfutar ba ta ga wuta na fitowa ba.

Akwai wani abu da ya so ya ruɗe ni bayan gyaran. Da muka hau zuwa Albuquerque a jihar New Mexico, wadda ke sama da teku da kimanin mita 1,600, janareta ya fara nishi idan na'urar sanyi ta tashi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Wannan ba tsohuwar cutar ba ce. Iska ta fi sirara a kan tudu, inji na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. A jikin kafiretan akwai ɗan maɓalli da ake juyawa gwargwadon tsayin wuri, na juya shi, na kuma hana a haɗa na'urar ɗumama abinci da ta sanyi a lokaci guda. Na'urar sanyi tana jan wuta ninkin-ba-ninkin a daidai lokacin da take tashi, shi ya sa nake barin janareta ya yi minti biyu ko uku ba kaya kafin in ɗora masa, haka ma kafin in kashe shi. Da muka gangaro na mayar da maɓallin inda yake.

Tun da ina ƙarƙashin motar na duba bututun hayaƙi tun daga inji har bakinsa, na tabbatar ya leƙo waje ya wuce jikin motar. Na kuma canza na'urar da ke ƙara idan hayaƙin janareta ya shigo ɗaki, don ita ma tana da ranar ƙarewa a rubuce a bayanta. Mu da muka taso muna jin labarin iyalan da suka kwanta da janareta a cikin gida ba su farka ba, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Iskar da ke kisan ba ta da wari, kuma a motar ɗaki injin yana ƙarƙashin ɗakin da kake kwance a ciki.

Yanzu kowane wata, ko ba ma zuwa ko'ina, ina tayar da shi ya yi awa biyu da na'urar sanyi a kunne, kamar yadda littafinsa ya ce. Baƙin mai ina canzawa duk awa 150 ko sau ɗaya a shekara. Idan motar za ta daɗe a ajiye, sai in zuba maganin hana fetur lalacewa a tanki, in bar janareta ya yi aiki har maganin ya isa kafireta, sannan in kashe.