Kunkuruna na Gwanzu

Shekara huɗu ke nan wani ɗan kunkuru na koren dutse yana zaune a kan teburin shagona a Garwa, yana danne mini rasit kada fanka ta kwashe. A Gwanzu ta ƙasar Sin na saye shi, lokacin da na je sarin fitilun sola. Mai sayarwar ya ce jed ne, dutsen nan da Sinawa ke ji da shi kamar zinariya. Ni kuwa nauyinsa da sanyinsa a tafin hannu suka ja ni, na biya ba ciniki.

Makon jiya ya faɗi, ƙafa ɗaya ta gutsure. Na kai wa maƙwabcina mai walda ya daidaita wurin da injin gurza ƙarfe. Farar ƙura na tashi, shi kuma yana hure ta da baki, sai ga ɗan yayata mai karatun duwatsu a Jami'ar Ngaundare. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Kawu, don Allah a kashe injin nan."

Ashe jed ɗin ma iri biyu ne, wani Bafaranshe, Damour, ya rarrabe su tun 1863: jadayit, wanda mafi kyansa daga ƙasar Bama, wato Myanmar, yake fitowa, da nefirit irin na Hotan a yammacin Sin. Dukansu wuƙa ba ta cin su. Yaron ya karɓi 'yar wuƙar da nake yanka kwali da ita, ya karta cikin kunkurun. Zane ya fito fes. Sarfantin ne, dutse mai laushi, mai araha. Na tuna kuɗina, na haɗiye yawu.

Shi ba kuɗin ne ya dame shi ba. Wani sarfantin ɗin yana ɗauke da zaren asbestos, amiyant da muke ji a Faransanci, nefirit na gaske ma danginsu ɗaya da wani nau'insa. Riƙewa ko ratayawa a wuya ba komai. Ƙurar ce matsala: ta shiga huhu ta maƙale, cutar kuma sai bayan shekara ashirin ko talatin take bayyana. Shi ya sa masu sassaƙa shi suke aiki ruwa na zuba a kai.

Muka yayyafa ruwa, muka share wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Mai walda dariya ya yi ta yi, wai ƙurar hunturun Garwa ma ba ta kashe shi ba. Na dai saya masa takunkumi. Kunkuru ya koma kan rasit da ƙafa uku da rabi.